Hotunan da Suka Ɓace Daga Wayar Auta

Saura kaɗan Auta ta koma gida ba ta faɗa wa kowa maganar hotunan ba. Ta riga ta miƙa kwanon abincin yayanta a kan kanta, Saje ya buɗe ya leƙa ya rufe, ta juya har ta kai bakin ƙofar ofishin 'yan sanda. Sai ta tuna gobe da safe za a kai Yaya kotu. Ta dawo ta raɓe a gefen kanta tana murza bakin gyalenta, har Saje ya ɗago ya tambaye ta ko mantuwa ta yi.

Da murya can ƙasa ta ce hotunanta ne suka ɓace daga waya.

Saje ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ƙanwata, nan ya yi miki kama da shagon gyaran waya? Tsallaka titi, ga shi can kusa da mai faci."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fara ja da baya ke nan, sai wata murya ta dakatar da ita. Sufeto ce, doguwar mace mai ƙarancin magana, wadda binciken satar yake hannunta. Tana tsaye a ƙofar ofishinta da kofin shayi.

"Hotunan yaushe?"

"Na ranar Asabar da yamma, ranki ya daɗe."

"Su kaɗai suka ɓace?"

"Su kaɗai."

Sufeto ta dubi Saje, Saje ya gyara zaman hularsa. Ta ce wa Auta ta shigo ciki.

Ga yadda abin yake. Kawunsu, ƙanen mahaifiyarsu, yana da shagon ɗinki. Yaya ne babban tela, shi ke buɗewa shi ke rufewa. Auta kuwa sa maɓalli da guga ne aikinta, kuma kullum kafin a tashi takan ɗauki hoton kayan da aka gama, da safe ta tura wa masu su. Ranar Asabar an tashi lafiya. Da gari ya waye aka tarar babu injin surfani, sabo fil, wanda shagon yake taƙama da shi. Ba a fasa ƙofa ba. Ƙofar baya da sakatarta ta ciki, ta gaba kuma makullinta biyu ne, ɗaya a aljihun Kawu ɗaya a na Yaya. Kawu bai yi dogon tunani ba, ya kawo ƙarar ɗan 'yar uwarsa.

Auta ta ce ita dai so ta yi ta nuna hoton injin a rufe da ƙyallensa lokacin da za su fita, amma da ta buɗe waya a safiyar da abin ya faru, babu hoto ko ɗaya na yammacin nan, har da bidiyon wata shuɗiyar riga da ta ɗauka. Sufeto ta ce hoton inji a rufe ba zai fitar da kowa daga bayan kanta ba. Amma ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

Ta buɗe manhajar hotuna, irin wadda take kwafe duk abin da aka ɗauka ta adana a intanet. Ta bi abubuwan da aka saba dubawa ɗaya bayan ɗaya. Adanawa tana kunne. Wuri bai cika ba. Ba a tura komai ɓangaren ɓoye hotuna ba. Daga nan ta shiga kwandon shara, inda abin da aka goge yake zama na wani lokaci kafin ya tafi gaba ɗaya. Wayam.

"Ba kya goge hoto ne?"

Auta ta ce kullum sai ta goge, domin hannunta yana rawa, rabin abin da take ɗauka dishi-dishi yake fitowa. Kwandon kullum cike yake, ba ta ma san ana kwashe shi ba.

"To wani ya yi miki shara," in ji Sufeto. "Idan manhaja ta yi tuntuɓe, ba ta zaɓar rana, kuma ba ta share sawunta. Wa ke taɓa wayarki?"

Babu kowa, a ƙarƙashin filo take kwana. Sai Auta ta ƙara da abin da ba ta taɓa ɗauka a bakin komai ba. Lokacin da Kawu ya sayo wa gida wayoyi, mai shagon ya ce zai buɗe wa kowa asusunsa. Kawu yana sauri, ya ce duk gida ɗaya ne, a haɗa su a asusu guda a huta. Tun daga ranar, hoton da ɗaya ya ɗauka sai ya fito a wayar kowa: ta Kawu, ta Auta, ta Kaka, da ta ɗan Kawu wanda ake kira Ɗan Kwalisa. Yaya ne kaɗai ba ya ciki, shi da ƙaramar wayarsa mai maɓallai mutu ka raba.

Sufeto ta bayyana mata cewa yadda hoto yake shiga wayoyin gaba ɗaya, haka yake fita gaba ɗaya. Wanda ya goge a tasa ya goge a ta kowa, da zarar kowace ta hau intanet.

Ta ɗauki hularta. "Saje, fito da mota. Yau gyaran waya za mu yi."

Sun tarar da shagon kamar gidan makoki. Kekunan ɗinki biyu ne kawai ke motsi, teburin yanka na Yaya an jibge shi da ƙyallaye. Kawu ya tarbe su da fara'ar dole, ko kallon Auta bai yi ba. Sufeto ta tsaya a inda injin yake a da, ta dubi shatin ƙafafunsa a ƙasa, sannan ta bi simintin da ido. Wajen ƙofar gaba babu ko ƙwarzane. Ta juya ta nufi labulen da ake shiga gwada kaya, ta yaye shi. A bayansa ƙofar baya take.

Ta durƙusa. A kan dokin ƙofar akwai sabon karce, gefensa ɗigon man inji da ƙura ta fara hawa. A jikin ƙyauren kuma wani guntun zare mai ruwan gwal ya maƙale. Ta zaro shi ta nuna wa Auta, Auta ta ce shi ne zaren da ke kan injin ranar Asabar.

"Ta nan aka fita da shi," in ji Sufeto.

Kawu ya ce ba zai yiwu ba, da idonsa ya ga sakata a kulle.

"Kai ka fara ganinta?"

Ya ɗan yi tunani. A'a, ɗansa ne. Tare suka zo da safen, yaron ya ruga ya duba baya, ya ce a kulle take, sannan shi ma ya je ya gani.

"Ya saba rako ka shago da safe?"

Ɗaya daga cikin telolin ya yi tari don ya ɓoye dariya. Kawu ya harare shi. Ya ce gaskiya yaron ba ya tashi sai rana ta take, amma ranar shi da kansa ya ce zai tuƙo shi.

Ana cikin haka ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Ɗan Kwalisa ne, takalmi yana sheƙi, tabarau a goshi. Ya gaida Sufeto da ladabin da Auta ba ta taɓa sanin yana da shi ba. Da aka tambaye shi ranar Asabar, ya ce ya biyo dai ya karɓi wandonsa da aka rage wa tsawo, a bakin ƙofa ya tsaya aka miƙo masa, ko ciki bai shiga ba. Kafin a nemi wayarsa ya miƙa ta da kansa, yana cewa ga shi, shi ma hotunan sun ɓace a tasa, wannan manhaja ai ba ta da tabbas.

"Wa ya ce maka hotuna muke nema?"

Ya yi murmushi, ya ce ai ya ga wayar Auta a hannunta ne. Sufeto ta mayar masa da tasa. Ya duba agogo, ya ce yana da uzuri, ya fice.

Auta ta matsa kusa da Sufeto. Ba ta taɓa ƙaryata na gaba da ita ba. Da ƙyar ta iya raɗa mata cewa ya shiga. Bayan labule ya je ya gwada wandon, lokacin tana ɗaukar bidiyon shuɗiyar rigar a gaban dogon madubi. Sufeto ta je ta tsaya a gaban madubin. Daga nan ana hango gefen labulen da rabin ƙofar baya.

Kawu bai ji raɗar ba. Shi yabon ɗansa ya dame shi. Ya ce a daina yi wa yaron kallon banza, kwanan nan ya yi hankali. Yanzu haka wajen kakarsa ya tafi, kullum sai ya je. Har data ya saya mata ba wanda ya roƙe shi, yaron da ko ruwan sanyi bai taɓa saya wa kowa ba. Tsohuwar ce da taurin kai ta ƙi kunna wayar.

Sufeto ta juyo a hankali. "Tun yaushe wayarta take kashe?"

Auta ce ta amsa. Datar Kaka ta ƙare tun daren Asabar, har ta kira tana mita cewa tana cikin kallon wata shuɗiyar riga abin ya daina kawo sababbi. Washegari kuma da aka kama Yaya, dangi suka dame ta da kiran jaje mai kama da gulma, sai ta kashe wayar ta kulle a akwati, ta rantse ba za ta kunna ba sai jikanta ya dawo gida.

"Ke nan hotunan sun shiga wayarta, kuma wayar ba ta sake hawa intanet ba," in ji Sufeto. "Ba ta san an goge komai ba tukuna. Yanzu kuwa da data a layin. Tana kunnuwa, sun tafi."

Ba ta jira amsa ba. Ta ce wa Kawu ya biyo su, ta ja hannun Auta zuwa mota. Saje ya yi tuƙin da ya sa Kawu ya yi ta salati a kujerar baya.

Ɗakin Kaka yana can ƙuryar gida, da gadon ƙarfe da ƙatuwar akwati a gindinsa. Akwatin a buɗe take. Ɗan Kwalisa yana durƙushe yana matsa wa tsohuwar ƙafa, ita kuma tana zaune da mafici a hannun dama, waya a hannun hagu, tana laluben maɓallin kunnawa da babban yatsa.

Sufeto ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ta kamar 'yar gida, ta tambayi ƙafa, ta tambayi kwana. Tana gaisuwar ta ɗora tafinta a kan hannun Kaka na hagu, ba ta ɗauke ba.

Kaka ta ƙare mata kallo. "Ke ce kika kulle mini miji?"

"Ni ce, Kaka. Ni ce kuma nake so in buɗe shi, in kin ara mini wayar nan."

"Yau na ga ikon Allah. Waya ta yi farin jini. Wannan ja'irin ma tun ɗazu yake lallashina, wai kewata yake ji, in kunna mu riƙa gaisawa. Yaron da in ya gan ni a hanya sai ya sauke tabarau ya rufe ido."

Ɗan Kwalisa ya yi dariyar yaƙe, ya kai hannu. "Kawo in kunna musu, Kaka, ke ba ki iya ba."

Ta sauke masa mafici a bayan hannu. "Da can ka iya ne?" Ta miƙa wa Sufeto.

Sufeto ta juya wayar ta nemi ɗan ramin da ake zaro layi. Ta tambaya ko akwai mai allura. Auta ta zaro fil daga gyalenta, irin wanda ba ya rabuwa da jikin mai aikin ɗinki. Aka tsikari ramin, layin ya fito, Sufeto ta miƙa wa Saje ya riƙe. Ta tabbatar gidan babu wata hanyar intanet, sannan ta danna maɓalli.

Wayar ta daɗe tana farkawa, kamar mai ita. Auta ta ƙura mata ido. Idan babu komai a ciki, gobe Yaya zai tsaya a gaban alƙali, ita kuma ta ƙaryata ɗan Kawu a banza.

Manhajar ta buɗe. Ga su nan reras: wandunan makaranta da ta yi wa guga, injin a rufe da ƙyallensa, da shuɗiyar riga.

Sufeto ta kunna bidiyon, kowa ya matso. Rigar tana jikin mutum-mutumi, hannun Auta yana juya shi a hankali. A cikin madubin da ke baya, labule ya ɗan yaye. Ga Ɗan Kwalisa da wando a kafaɗa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sa hannu ya zare sakatar sama, ya sunkuya ya zare ta ƙasa, ya ja labulen ya rufe. Sai muryar Yaya daga nesa tana cewa a yi sauri zai kulle.

Sufeto ta sake kunnawa don Kawu, wanda ya ce bai gani da kyau ba. Ya gani.

"Ka ce ba ka shiga ba," in ji Sufeto.

Ya ce ya manta ne. Zafi ya ji a bayan labulen, ya buɗe don iska ta shigo.

"Ƙofar ba ta buɗe ba. Sakata kawai ka zare. Wace iska ce ke shigowa ta ramin sakata?"

Ya dubi mahaifinsa. Kawu ya kawar da kai.

"Ni zan faɗa maka sauran, ka gyara mini inda na yi kuskure. Bayan an tashi ka dawo da mota ta lungun baya. Da ka koma gida ka ga kanka a wayarka, ka goge, ka kwashe kwandon shara. Da safe ka rako babanka don ka riga kowa zuwa ka mayar da sakata, kada a tambayi wanda ya shiga bayan labule. Sai daga baya ka tuna akwai waya ta huɗu."

Ɗan Kwalisa ya zauna a bakin akwatin. Ya ce babur yake so, duk abokansa sun yi, ya roƙi babansa har ya gaji. Injin yana garejin wani abokinsa, mai sayen ya janye da ya ji 'yan sanda sun shigo maganar. Ya rantse bai yi nufin abin ya faɗa kan Yaya ba.

"Da ya faɗa kansa fa? Me ka yi?" in ji Sufeto.

Ya sunkuyar da kai.

Kaka ce ta amsa masa. "Ƙafata ya zo yana matsawa." Ta janye ƙafafunta ta lulluɓe su da zane.

Saje ya fito da ankwa. Kawu ya buɗe baki kamar zai roƙa, Sufeto ta tuna masa cewa shi ya kawo ƙara, kuma shi ya ce ko waye a hukunta shi. Aka fita da Ɗan Kwalisa ta tsakar gida, tabaransa a hannun Saje, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga.

Kafin la'asar an ɗauko injin daga garejin, zarensa mai ruwan gwal yana nan a jiki. A ofis Sufeto ta haɗa wayar Kaka da kwamfuta ta kwafe komai, sannan ta zuba wa Auta hotunanta a tata. Ta ce mata kada a mayar da layin Kaka sai an raba asusun, kowa ya buɗe nasa, kuma duk ranar da hoto ya ɓace ta fara leƙa kwandon shara kafin ta fara kuka.

Saje da kansa ya buɗe wa Yaya. Ya fito da gemu buzu-buzu yana ƙifta ido, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi Sufeto, bai gane abin da ya faru ba.

"Ka gode wa wannan," in ji Sufeto. "Ita ta kawo ƙarar da ta fi ta kawunka."

Saje ya miƙo wa Auta kwanon abincin, ya ce ta yi haƙuri da maganar ɗazu, kuma in ba damuwa shi ma akwai hotunan 'yarsa da ya nema ya rasa. Auta ta rufe fuska da gyale tana dariya.

Washegari da sassafe ta riga kowa zuwa shago. Ta tarar da Kawu ya buɗe, yana zaune shi kaɗai, ya tsufa a dare ɗaya. Ta gaishe shi, ta kwashe ƙyallayen da aka jibge a teburin yanka, ta goge shi, ta jera almakashi da alli da tef ɗin awo yadda Yaya yake so. Teloli suka fara shigowa.

Kawu ya kira ta gefe. Ya zaro makullin Yaya daga aljihu, ya ce ta ba shi in ya zo, ta kuma ce masa komai ya wuce.

Auta ta dubi makullin. Ta mayar da hannuwanta baya ta haɗe su. Ta yi magana yadda kowa zai ji ta.

"Kawu, a gaban mutane ka karɓe shi daga hannunsa. A gaban mutane za ka mayar masa."

Kekuna suka tsaya cak. Kawu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tashi, ya gyara rigarsa, ya je ya tsaya a bakin ƙofa da makullin a tafinsa, yana jiran Yaya ya ƙaraso.